Taƙaitawa: hawan keke a hanyoyin burji na jihar Gombe

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawarmu kan lokaci, hanya da guzurin da suka dace da hawan keke a hanyoyin burji.

1. Lokaci: kusan kowa ya zaɓi Nuwamba zuwa Janairu, a fita bayan sallar Asuba. Da damina rafuka kan cika, laka ta riƙe taya. Zafin Maris da Afrilu kuwa ba a wasa da shi.

2. Hanya: sabon shiga ya fara da kewayen Dadin Kowa, inda ake hango Dutsen Bima, domin hawa bai yi tsanani ba. Tula, daga Kaltungo, sai wanda ƙafarsa ta saba. Masu zuwa can sun ce gangara ta fi hawa haɗari, saboda tsakuwa tana zamewa a kwana. A matsa birkin baya a hankali, kada a damƙe na gaba. Ni ma nan na fi jin tsoro.

3. Guzuri: ruwa mai yawa, dabino, famfo da kayan faci, don ƙaya ba ta ƙarewa a hanya.

Inda aka rabu: wasu sun ce dole sai keke mai giya da faffaɗar taya, wasu suka ce keken Phoenix ɗin da mutanen ƙauye ke ɗaukar buhu da shi ya isa, in hawa ya yi tsauri a sauka a tura.

An kuma haɗu kan cewa kada a tafi shi kaɗai, a gai da mai unguwa, a tambayi 'yan acaɓa lafiyar hanya, kuma a kauce wa gonakin mutane.