Waɗanda suka taɓa hawa dutsen Sauda ko na Faifa da ƙafa, me kuka tarar?

Daga Jidda

Assalamu alaikum. Shekarata 11 ina aiki a Jidda, amma ban taɓa wuce Ɗa'ifa ta wajen kudu ba. Bana mun yanke shawara da maiɗakina cewa idan an rufe makarantu za mu je Abha, a kudu maso yammacin Saudiyya, kuma babban ɗana mai shekara 14 ya kafe a kan sai mun hau dutsen Sauda da ke kusa da garin da ƙafa. Abin da na sani na hawan dutse bai wuce Jabalun Nur da na hau sau biyu ba, sai Dala da Gwauron Dutse a lokacin ƙuruciya. Ina roƙon waɗanda ƙafarsu ta taka wuraren nan su faɗa mana abin da suka tarar.

Daga Khamis Mushait

Wa alaikumus salam, Alhaji. Shekarata shida a wannan yanki, kuma Sauda ba ta kai tafiyar awa ɗaya da rabi daga gidana ba. Ka fara cire Jabalun Nur daga lissafinka, domin tsayinsa bai wuce kimanin mita 640 ba, alhali garin Abha kansa yana zaune ne a kan mita 2,200 da ɗoriya, ƙololuwar Sauda kuma tana wajen mita 3,000. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, can a Taraba kan iyakar Kamaru, mita 2,419 ne. Saboda haka wanda ya taso daga bakin teku a Jidda zai ji numfashinsa ya gajarta ko da matakalar masallaci ya hau. Ka ba jikinka kwana biyu a cikin gari kafin ka nufi sama.

Abin da zai ba yaron mamaki shi ne, daga ɓangaren Abha ba a hawan Sauda yadda yake zato, don kwalta tana kai mutum har kusa da ƙarshe. Tafiyar ƙafar tana cikin dajin ar'ar ne da kuma bakin gangaren yamma, inda ƙasa ke yankewa gaba ɗaya ta faɗa zuwa Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke gaɓar Bahar Maliya. Itacen ar'ar ba shi da faɗin ganye irin namu, ganyensa siriri ne mai duhu, wasu rassan kuma akwai wani farin gansakuka da ke reto a jikinsu kamar gemun dattijo. An ce duhun itatuwan ne ya sa aka raɗa wa dutsen wannan suna.

Amma mai mulkin wurin shi ne hazo. Iska mai laima tana tasowa daga Bahar Maliya, ta bugi gangaren ta hau sama, ta yi sanyi ta koma gajimare, kuma galibi daga azahar zuwa la'asar take isowa. Wata Juma'a na tsaya a bakin gangaren ina kallon hanyar Akabatus Samma tana nannaɗewa a ƙasa kamar igiyar guga, motoci kamar kiyashi. Na sunkuya na zuba shayi daga fulas, kafin in shanye kofin nan ban iya ganin motata da ke taku ashirin a bayana ba. Wanda yake son ganin kwarin, ya yi sallar asuba ya kama hanya. Wanda ya tsaya sai rana ta yi sanyi kamar yadda muka saba a Jidda da Makka, farin bango kawai zai je ya kalla.

Daga Madina

Yaya ya faɗi gaskiya game da hazon, ni kuma zan ƙara da abin da ya same mu. Mu ɗalibai huɗu ne, muka je a watan Agusta, muka ce za mu sauka ta Akabatul Kurun, tsohuwar hanyar ƙafa da ke haɗa Sauda da ɓangaren ƙauyen Rijal Alma'a da ke ƙasa. Mun ɗauka cewa tunda gangara ce, ai babu wahala. Ashe gangarar ce ke cin gwiwa, domin saukar ta fi mita 1,000, a kan duwatsun da aka jera tun zamanin da jakuna ke hawowa da kaya daga Tihama. Mun taso da rigunan sanyi muna rawar ɗari, amma kafin mu yi rabin hanya mun tuɓe su mun ɗaura a ƙugu, saboda kowane taku yana kusantar da mutum ga zafin ƙasa. Ruwanmu, gora ɗaya ga kowa, ya ƙare tun da sauran tafiya. Ɗaya daga cikinmu da silifas ya zo, kuma igiyar ta tsinke, sai da muka yage gefen rawani muka ɗaure masa.

Babbar wautarmu ita ce ba mu shirya motar da za ta ɗauke mu a ƙasa ba. Wani dattijo mai sayar da zuma ne ya ji tausayinmu ya kai mu cikin ƙauyen, inda muka ga dogayen gidajen dutse masu adon farin dutse a kewayen tagogi, da gidan tarihin da mutanen garin suka kafa da kansu a 1985. Kwana uku na yi ina sallah a zaune.

Daga Abha

Alhaji, tunda da iyali za ka zo, ina da magana ga Hajiya. Abaya mai jan ƙasa tana sarƙewa da ƙaya da duwatsu, don haka ta nemi wadda ta tsaya a idon sawu, da takalmi mai kama ƙasa. Ruwan yamma a watannin Yuli da Agusta yakan zo da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma na taɓa ganin titi ya yi fari fat cikin minti goma.

Sai batun birai. Gwaggon biri ne irin masu jan baya, suna yawo garke-garke a wuraren ajiye motoci, kuma mutane sun lalata su da jefa musu abinci. A gaban idona wani ƙato ya fizge ledar burodi daga hannun 'yata mai shekara biyar, ya koma kan shinge ya zauna yana warware ta cikin natsuwa kamar shi ya saya. Kada yaro ya riƙe leda a hannu, kada a bar gilashin mota a buɗe. Haka kuma tun da aka sanar da babban aikin raya Sauda a 2023, wasu wuraren da muka saba shiga mukan tarar an killace su, don haka ku tambaya a masauki kafin ku fita.

Daga Jizan

Ni a nan aka haife ni, kakana ne ya zo daga ƙasar Katsina ta hanyar Sudan. Tunda kun ambaci Faifa, bari in ce wani abu, domin na yi shekaru ina kai kaya can. Faifa tana nan yankinmu na Jizan, ba ta kai Sauda tsayi ba, ƙololuwarta da ake kira Absiyya tana wajen mita 1,800, amma a wurina ta fi ta abin kallo, saboda dutse ne da mutane ke zaune a kansa tun daga gindi har sama. An sassaƙa jikinsa gonaki hawa-hawa, kowace da katangar dutse da ke riƙe ƙasa da ruwan sama, ga tsofaffin gidaje masu siffar rumbu a tsakaninsu. A nan ake noman gahawar Khaulani, wadda UNESCO ta sanya ilimin nomanta cikin jerin al'adun da ake karewa a 2022. Hanyoyin ƙafar duk na manoma ne, suna ratsa gonakin mutane, don haka a yi sallama, kuma kada a tsinki komai. Idan mai gona ya ce ka zo ka sha gahawa, ka zauna ka sha.

Abu biyu ne ba na wasa ba. Na farko, titin yana da tsananin gangara, kuma wanda ya sauko yana danne birki maimakon ya sa ƙaramar giya, zai ji ƙaurin birkinsa kafin ya kai ƙasa. Na biyu, daga sama duwatsun Yaman kake hange, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a 2015 akwai shingayen bincike a hanyoyin yankin. Iƙamar kowa, wato katin izinin zama, ta kasance a jikinsa, kada a ɗauki hoton jami'an tsaro ko wurarensu, kuma inda aka ce a juya, a juya ba tare da gardama ba.

Daga Makka

Ni na haura shekara 60, kuma ban yarda da ɗana na Khamis cewa wanda ya je da yamma ya yi asara ba. Da la'asar muka isa, ba mu ga kwari ba ko kaɗan, amma mun shimfiɗa darduma a gindin ar'ar muka haɗa azahar da la'asar, gajimare yana ratsa sahunmu, raɓa tana ɗiga daga rassa a kan hulunanmu. Mutumin da ya shekara 40 a zafin Makka bai ga abin da ya rasa a ranar ba.

Daga Jidda

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba mun gode. Na karanta wa yaron labarin silifas, ya yi dariya, amma ya yarda a bar Akabatul Kurun sai wani zuwan. Za mu kwana biyu a Abha, mu fita bayan asuba a rana ta uku, mu zauna har hazon ya same mu a can. Ɗan'uwa na Jizan, motata ƙarama ce mai giyar otomatik. Za ta iya titin Faifa, ko in ajiye ta a gindin dutsen in nemi ta haya?