Kaji nawa akurkinka zai ɗauka a Legas?

Hirar da wasu masu kiwon kaji a bayan gida suka yi a Agege ta fi tsayawa kan matsi, domin a Legas fili tsada gare shi, kowa na so ya cusa kaji ashirin a wurin goma.

Ma'aunin da aka fi yarda da shi: kowace babbar kaza ta samu ƙafa 3 zuwa 4 murabba'i a cikin akurki, sannan ƙafa 8 zuwa 10 a wurin shawagi. Wato akurki mai ƙafa 6 a tsawo, 4 a faɗi, kaji shida ne, ko takwas in suna fita da rana. Kajin gida ƙanana ne, suna jure ɗan ragi. Noiler kuwa, wato irin kazar da ake kiwo don nama da ƙwai, in ta girma sai an ba ta cikakken wurinta.

Inda aka daɗe shi ne kan damina. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya barin ƙasa ta bushe, kashin kaji ya jiƙe, wari ya tashi har ya sa idon mutum ƙwalla. A nan gudawar jini ke kama 'yan tsaki. Shawarar ita ce a ɗaga akurki daga ƙasa, a sa ragar waya a gefe biyu don iska, a shimfiɗa ɓurɓushin katako, a riƙa sauya shi kafin ya dunƙule. Ni ma nan na fi ba ƙarfi, musamman a gidan haya da tagar maƙwabci ke kusa.

Sandar kwana, inci 8 zuwa 10 ga kowace kaza. Wurin ƙwai ɗaya ya ishi kaji huɗu ko biyar. In ka ga suna tsattsage gashin juna, a rage su ko a faɗaɗa akurkin.