Dan Allah a ba ni shawara: an auna yarona ɗan shekara 16, an ce jininsa ya hau

Wata uwa daga Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min, tun shekaranjiya hankalina ba a kwance yake ba. Ɗan farina ne, shekararsa 16, yana ajin ƙarshe na sakandare. Kwana biyu yana ta cewa kansa na ciwo da yamma, sai babansa ya tafi da shi kemis ɗin da yake zuwa awon nasa jinin, shi baban dama ya daɗe yana shan maganin hawan jini, mai kemis ya ce bari a gwada yaron ma, na'ura ta nuna 136/86, aka ɗan jima aka sake ta nuna 134/84. Wallahi da suka faɗa min sai da ƙafata ta yi sanyi.

Abin da ya fi damuna shi ne ni ce na hana shi ƙwallo. Da can kullum bayan la'asar yana fili sai an kira magariba ya dawo buɗu-buɗu da ƙura, amma tunda aka fara maganar WAEC da JAMB na ce a ajiye. Yanzu adaidaita ta ɗauke shi da safe, ya zauna a aji har ƙarfe biyu, ya wuce lesin har biyar, bayan magariba islamiyya, in ya dawo kuma waya ce a hannunsa, wani lokaci ƙarfe ɗayan dare zan fito in ga haske a ɗakinsu. Ya ƙara jiki sosai, wandunan makarantarsa duk sun matse shi. Shin yaro kamar wannan yana kamuwa da hawan jini? Zaman ne ya jawo? In na bar shi ya koma ƙwallo gudun ba zai ƙara hawar da jinin ba? Kakarsa kuma ta ce a riƙa ɓallar masa rabin ƙwayar babansa.

Wani mai kemis a Fagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya kafin komai, dan girman Allah kar a ba shi ƙwayar babansa ko kwata ce. Ku ba wa Iya haƙuri, niyyarta mai kyau ce amma maganin an rubuta shi ne don jikin babban mutum.

Nas daga Tarauni:
'Yar uwa ki kwantar da hankalinki ki karanta a nutse. E, matasa suna samun hawan jini, musamman in akwai shi a gida kuma ga ƙiba. Daga shekara 13 zuwa sama lissafin kusan ɗaya ne da na manya: ƙasa da 120/80 lafiya lau, daga 130/80 an shiga matakin farko, daga 140/90 mataki na biyu. To lambar yaronki tana matakin farko, amma awon rana ɗaya ba ya isa a ce yana da cutar, sai an auna a ranaku uku daban-daban an ga yana nan a sama.

Kuma yadda aka auna ɗin ma abin dubawa ne. Ya zauna shiru minti biyar tukuna, ya jingina bayansa, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, kuma kar ya sha wani abu mai sinadarin caffeine, irin kofi ko shayi, minti talatin kafin awon. Abin da ake naɗawa a damtse in ya yi masa kaɗan lambar sai ta fi gaskiya yawa, wannan muna gani sosai. Ga tsoro kuma, yaro yana ciwon kai ga babansa tsaye a kansa ga na'ura tana matse shi, dole zuciya ta buga.

Ki kai shi asibiti, ko na Malam Aminu Kano ko Murtala ko wanda ya fi kusa da ku. Ki roƙa a duba fitsarinsa, saboda a yara wani lokaci ƙoda ce ke ɓoye a bayan hawan jini. A tambaye shi kuma cikin sirri ko yana shan wani abu, maganin mura mai buɗe hanci, ko maganin ciwon jiki kullum, ko ƙwayoyin nan na sa ƙiba, duk suna ɗaga jini. Ciwon kan kuma ba lallai jinin ba ne, wanda yake kaiwa ƙarfe ɗaya a waya ya tashi da asuba ai kai zai yi ciwo, ɗan shekarunsa awa takwas zuwa goma yake buƙata na barci. Amma in kika ga ciwon kai mai tsanani da amai, ko gani ya dushe, ko ciwon ƙirji, kar ki jira gobe.

Malamin motsa jiki, Kurna:
Hajiya ni maganar ƙwallon ce ta tsaya min a rai, don duk shekara haka nake rasa yarana 'yan aji shida, iyaye su janye su saboda jarrabawa, bayan wata shida in gan su ban gane su ba. Gaskiya ne lokacin da yaro yake gudu jininsa yana hawa, haka Allah ya tsara jiki don tsoka tana neman jini, amma da ya tsaya ya huta sai hanyoyin jinin su saki su buɗe, jinin ya sauka har ƙasa da inda yake da, kuma yakan ɗauki awanni a haka. In ana yi kullum zuciya tana ƙarfi, bugu ɗaya ta tura jini mai yawa, ba sai ta yi ta haki ba. Zama kuwa akasin haka ne, tsokar sangalin ƙafa ita ke taimakawa wajen maido da jini sama, in an zauna awa uku ba motsi gudun jini a ƙafa sai ya ragu, ga abin da aka ci ba a ƙona shi ba ya koma tumbi.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce daga ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa numfashi ya ɗaga, kuma a rage zaman kallon waya da talabijin. Ba sai an yi shi a tashi ɗaya ba. Ya sauka daga adaidaita tun kafin gida ya taka sauran da sauri, in yana karatu duk bayan rabin awa ya miƙe ya zaga tsakar gida, ranar Asabar da sassafe ku a Gwammaja ai Dala na kusa, ya hau ya sauko tare da ƙannensa. Ƙwallo kuma a bari rana ta yi sanyi ya tafi da ruwa, kin san zafin Kano. Abu ɗaya, ɗaga ƙarfe mai nauyi ya dakata da shi sai likita ya gan shi.

Wani dattijo, Kofar Nassarawa:
Gado ne kawai, tunda uban yana da shi. A ba shi zoɓo da tafarnuwa a yi addu'a.

Nas daga Tarauni:
Baba Allah ya ƙara girma, gado yana da nasa kaso tabbas, shi ya sa ma ya kamata wannan yaron ya fi sauran kula. Zoɓo ba laifi in ba a cika masa sukari ba, amma ba zai maye gurbin awo ba.

Ɗalibin BUK:
Mama ki duba jakarsa ko akwai lemon ƙara kuzari. Lokacin da nake shirin JAMB gwangwani biyu nake sha don kar in yi barci, ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku, ban gaya wa kowa ba. Kuma ni dai da na koma ƙwallon yamma karatun dare ya fi zama min a kai. In za ki karɓi wayar ki yi masa bayani tukuna, a ajiye ta ɗakinki ƙarfe goma, in kika ƙwace da faɗa ta abokinsa zai aro.

Maman 'yan mata, Sharaɗa:
Ni 'yan mata gare ni ba fili za su je ba, igiyar tsalle na saya musu suna yi a tsakar gida bayan asuba, islamiyya kuma da ƙafa. Sannan ki duba tukunyarki 'yar uwa, babban mutum ma ƙasa da giram 5 na gishiri aka ce a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, mu kuwa ga gishiri ga dunƙule huɗu a miya ga kanwa, yara kuma su dafa indomi da dare su juye sinadarin duka su ƙara yaji mai gishiri. A hankali na riƙa ragewa ina ƙara daddawa da citta, babu wanda ya yi ƙorafi.

Wata uwa daga Gwammaja:
Allah ya saka muku da alheri, na ji sanyi wallahi. Ɗana na BUK ka yi gaskiya, gwangwani biyu na samu a ƙarƙashin katifa, mun yi magana ba faɗa. Babansa zai kai shi asibiti ranar Litinin, na rubuta masa maganar fitsarin a takarda kar ya manta, Iya ma ta haƙura da batun ƙwayar. Na yi wa mai lesin waya a rage masa zuwa kwana uku a sati. Malam, takalmin ƙwallon nasa tun bara na ɓoye shi a saman durowa, in fito masa da shi yau ya fara ko in jira sai sun dawo daga wajen likitan?