Kaset ɗin Ɗan Maraya da Baba ya bari

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Agege. Da muka buɗe akwatinsa sai na tarar da kaset bakwai na Ɗan Maraya Jos ɗaure da kyauro. Baba direban tirela ne, kuma daga karen mota ya fara, shi ya sa Waƙar Karen Mota ba ta barin motarsa. Shida na kasuwa ne, masu hoto. Na bakwai farin kaset ne, an rubuta masa "biki" da jan biro, ba wani bayani. Na taɓa jin sa ina yaro: guɗa, kukan jariri, surutun mutane, kuntigin, wato abin kiɗansa, yana zuwa yana tafiya. Abokina ya ce in zubar da su duka, wai komai yana YouTube. Zuciyata ta ƙi. Shin wannan mai hayaniyar yana da daraja? Ga kuma fumfuna ta fara cin sa.

Dattijo, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Kada ka kuskura ka zubar da farin nan. Na ga Adamu Wayya, wato Ɗan Maraya, da idona a Jos tun ina saurayi. Ɗan abin kiɗan nasa tafin hannu ya kusa rufe shi: gwangwanin kifi aka rufe da fatar akuya, tsirkiya ɗaya tak. Ba 'yan amshi irin na Shata, ba kalangu, shi kaɗai ne da bakinsa. Amma in ya zauna gaban jama'a, da ido yake waƙa. Zai hango wani ya sunkuyar da kai, sai ya ja baitin can, ya maimaita, ya ƙara abin da babu shi a kaset. Waƙar da ka sani gajera sai ta miƙe, ba ka san lokaci ya tafi ba.
Mutumin da aka haifa a Bukuru a 1946, ya tashi maraya a hannun sarkin garin, ya san inda ke yi wa talaka ƙaiƙayi. Tun da ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015, abin da aka naɗa shi ne ya rage mana. Na kasuwa dubbai suna da shi. Naka kai kaɗai ne.

Hajiya, Obalende:
Baba, a yi mini afuwa, ni na fi son na situdiyo. Shi Ɗan Maraya magana ce jarinsa. Jawabin Aure in ba ka ji kowace kalma ba, me ka ji? A gidan biki kuwa da zarar masu liƙi sun taso, waƙa ta koma kiran sunaye. Mai Albasa, ka adana farin saboda mahaifinka, amma yara ka kunna musu na kasuwar.

Mai Gyaran Waya, Ikeja:
Yaya, kada ka kunna shi yadda yake, zaren zai iya tsinkewa ko ya naɗe cikin rediyo. Danshin Legas ne ya jawo fumfunar. Ka ajiye shi inda iska ke shiga kwana biyu, ba cikin rana ba. Sai ka sa biro a ramin ka juya a hankali daga farko har ƙarshe. Ka nemo rediyo mai kaset da ke da ramin abin sa wa a kunne, ka haɗa shi da kwamfuta da kebul, ka naɗa da manhajar Audacity, kyauta ce. Kada ka goge hayaniyar. Ka ajiye kwafi wuri biyu.

Mai Albasa, Mile 12:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Daren jiya na nuna wa Umma kaset ɗin. Ta daɗe tana juya shi a hannu, sannan ta ce bikin ƙanen Baba ne, ita ce ta riƙe rikodar a cinya, jaririn da ke kuka kuma yayata ce. Yanzu kaset ɗin yana kan taga yana shan iska. Don Allah wa ke da rediyo mai kaset a wajen Agege ya ara mini ranar Lahadi?