Kuɗin cizo: waɗanda aka taɓa yi wa maganinsu da injin zafi, ya kuka shirya gidan?

Amaryar Rikkos:
Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Tunda muka sayo wata kujerar gwanjo kuɗin cizo suka hana mu barci, mun fesa ota-fiya-fiya har sau uku amma shiru, yanzu maigida ya kira masu injin zafi ranar Asabar za su zo, me zan fitar me zan bari?

Maman Khalifa:
Wa'alaikumussalam, sannu ƙanwata. Mu bara aka yi mana. Ɗakin sai ya kai digiri 50 zuwa 60 kuma awanni ake barinsa a haka saboda ƙwayayensu sun fi su wuyar mutuwa. Fara da tukunyar gas, turaren fesawa, maganin sauro na gwangwani, laita da magungunan yara. Sai duk abin da ke narkewa, ni na manta kwandon kwalliyata a gaban madubi, jan baki da man kaɗanya suka narke suka haɗe wuri ɗaya har kan kafet, wallahi sai da na yi hawaye.

Baban yara, Unguwar Rogo:
Amarya kar ki yi kuskuren da na yi. Na kwashe kayan sawa na kai ɗakin Hajiyata don kar zafi ya lalata su, sati biyu ita ma ta fara susa. Katifa, labule, tufafi duk a bar su a ciki, ai su ake so a gasa. A janye gado daga bango, a buɗe durowa, kayan da aka cusa a Ghana-mas-go a zazzage su don zafin ba ya ratsa tsakiya. Ki tambaye su ko da janareto za su zo, in wuta ta ɗauke ana cikin yi an koma baya.

Anti daga Gangare:
Masu cewa a shanya katifa a rana, ranar Jos ba ta isa ba, musamman da hunturu, ƙasan katifar suke komawa inda ke da sanyi. Zannuwa na wanke da ruwan zafi na goge, na bi ɗinkin katifa da dutsen guga.

Amaryar Rikkos:
Allah ya saka da alheri. To talabijin fa da kajina biyu da ke baranda?

Maman Khalifa:
Kajin ki kai maƙwabta. Talabijin ki zare ta daga soket ki nuna musu tun kafin su kunna injin.