Ina zan samu gajerun littattafan tarihin mawaƙa da marubutanmu na yara?

Maman_Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah taimako nake nema. Ina koyar da Hausa a wata makarantar je-ka-ka-dawo a Tudun Wada nan Kaduna, 'yan JSS, kuma mun buɗe ɗan kulob na karatu duk ranar Alhamis bayan an tashi. Abinda nake nema shine ƙananan littattafai na tarihin rayuwar mutane, irin mai shafi 30 ko 40 ɗinnan da yaro zai iya cinyewa a zama biyu, akan mawaƙa, marubuta, masu zane da sana'ar hannu, da kuma waɗanda suka yi gwagwarmayar ƙwato 'yancin talaka. Na Turanci kam ina samu, akwai na Mandela akwai na Malala akwai na Rosa Parks harda hotuna masu kala, kuma wallahi yaran suna so, amma abin yana damuna ace yarinya 'yar Kaduna ta san matar da ta ƙi tashi daga kujerar bas a Amurka a 1955 amma bata taɓa jin sunan Gambo Sawaba ba, alhali ga Zariya nan kusa damu. Na zaga shagunan littattafai na cikin gari ban dace ba. Wanda ya san inda ake samu, da Hausa ko da Turanci mai sauƙi, ya taimaka.

Dan_Zazzau ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Gaskiya abinda kike nema yana da wuyar samu, ba wai ba'a rubuta tarihin mutanen bane, an rubuta, sai dai ba dan yara aka yi ba. Ki ɗauki Shata misali, akwai Shata Ikon Allah wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, aiki ne na gaske, tun daga haihuwarsa a Musawa a 1923 har rasuwarsa a 1999, amma ƙaton littafi ne mai ɗaruruwan shafuka, ɗan JSS 1 yana ganin kaurinsa zai ajiye. Na Abubakar Imam kuma da ya fito a 1989 da Turanci yake, abin mamaki, mutumin da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko a 1939, wanda kusan duk wanda yayi boko a Arewa ya karanta Hausarsa. Nana Asma'u ma haka, Jean Boyd tayi mata littafi amma da Turanci ne kuma na manya.

Ita Hajiya Gambo da kika ambata, ai labarinta ko ba'a ƙara masa gishiri ba yaro bazai iya ajiyewa ba. An haifeta a 1933, aka mata aure tana ƙarama, ta shiga jam'iyyar NEPU tana budurwar shekaru, ta rinƙa bi gida gida tana yiwa matan kulle magana akan ilimi da ƙuri'a da auren wuri, aka daketa aka ɗaureta har sau 16, a lokacin da matan Kudu suna zaɓe mu namu na Arewa an hanasu, sai zaɓen 1979 ne babban zaɓe na farko da suka kaɗa ƙuri'a. Ta rasu a 2001. Asibitin Ƙofar Gayan sunanta aka sa masa, kullum mata na shiga suna fita, ki tambayi 'yan matan da ke layin awo wacece ita kiji.

Baban_Khalifa ya rubuta:

Malama Allah ya saka da alheri, ni uba ne kuma zan faɗi abinda ke raina tsakani da Allah. Marubuta da malamai ban da ja. A fara da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda tayi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata tun kafin zuwan Turawa. A saka Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne amma ya bar mana Imfiraji. A saka Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Amma makaɗa fa? Rayuwar da yawansu akwai roƙo akwai zambo akwai abubuwan da bana so ɗana ɗan shekara 12 ya ɗauka a matsayin abin koyi. In dai za'a yi to a tace sosai.

Anti_Larai_Kakuri ta rubuta:

Baban Khalifa na fahimci damuwarka kuma ban raina ta ba, nima ina da jikoki. Amma wannan tacewar ita ce take kashe mana irin waɗannan littattafan tun kafin a bugasu. Duk ɗan tarihin da aka rubuta a taƙaice a wajenmu sai ka tarar kalarsa ɗaya, an haifeshi a gidan mutunci, tun yana yaro an ga alamun ɗaukaka, yayi haƙuri, ya rasu ya bar 'ya'ya kaza, shikenan, kamar ana karanta ta'aziyya a rediyo. Yaro ba wawa bane, yana shafi na uku ya gane yabo ake, ya rufe.

Ba cewa nake a zubawa yara komai ba, akwai abinda shekarunsu basu kai ba kuma marubuci mai hankali ya san iyaka. Amma a bar mutum da wahalarsa da zaɓin da yayi. Ɗan Maraya Jos ya tashi ba uwa ba uba a Bukuru, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya rinƙa yiwa karen mota da talaka waƙa yana sukar auren dole, har ya rasu a 2015, yanzu wane uba ne zai ce wannan ba darasi bane? Barmani Choge ta Funtuwa da kiɗan ƙwaryarta, mu da muka yi zamanin bikin amada mun san abinda take faɗawa mata, ku tashi ku nemi na kanku ku kama sana'a, wannan maganar ta shiga ɗakunan da ko malamar makaranta bata taɓa shiga ba.

Kuma Malama kar ki manta da Ladi Kwali. Ki ce kowane yaro ya fito da naira 20 ya juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce. Bagwariya ce daga Kwali, ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wajen, tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tulunanta, aka kai aikinta Ingila da Amurka, ABU ta bata digirin girmamawa a 1977 ita da bata yi boko ba. A aji irin na Kaduna da akwai Bahaushe da Bagwari da Bajju da Bayarabe a benci ɗaya, littafinta zai yi aikin da ya wuce na karatu kawai.

Abu_Sadiq_ABU ya rubuta:

Anti Larai ta gama magana. Abinda zan ƙara, Malama, inaga ku malamai ku ne zaku rubuta, dan in kuna jiran manyan farfesoshi su sauko su yiwa 'yan JSS rubutu zaku daɗe. Kuma ba sabon abu bane, a shekarun 1950 hukumar NORLA a Zariya ƙananan littattafai masu araha ta rinƙa bugawa saboda 'yan ajin yaƙi da jahilci, dasu mutane da yawa suka saba da karatun boko.

Kayan aiki kuma Kaduna tafi ko'ina. Ga Arewa House, tsohon gidan Sardauna, akwai laburare da tsofaffin takardu, ga National Archives reshen Kaduna, ga Rediyon Kaduna da tun 1962 mawaƙa ke shiga suna fita, sannan ga tsofaffin da suka ga mutanen nan da idonsu, waɗannan su ya kamata a fara bi da rikoda tun suna raye. Shawarata kar ki ce zaki cusa rayuwar mutum gaba ɗaya a shafi 30, ki ɗauki abu ɗaya da ya juya rayuwarsa ki gina labarin a kai, sauran shekarun a jera a shafin ƙarshe. Duk shekarar da zaki saka ki tabbatar daga wuri biyu, dan mawaƙanmu na da ba'a rubuta ranar haihuwarsu ba, kuma abinda ke yawo a Facebook rabinsa ji-ta-ji-ta ne. Maganar da mutum bai faɗa ba kar a saka masa a baki ko da tana da daɗi.

Maman_Ilham ta rubuta:

Nagode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Khalifa in sha Allah duk abinda muka rubuta sai iyaye sun gani kafin ya shiga hannun yara, amma makaɗan suna ciki. Nayi magana da wata abokiyar aikina mai koyar da zane tace zata yi hotunan, zamu fara da Hajiya Gambo sai Ladi Kwali, ko fotokwafi ne mu fara rabawa 'yan kulob mu ga yadda zasu karɓa. Malam Abu Sadiq dan Allah shiga laburaren Arewa House sai da takarda daga makaranta ko katin shaida ya isa? Kuma Dan Zazzau in ka san wata dattijuwa a Zariya da tayi NEPU tare da Hajiya wadda zata yarda muyi hira da ita, ka min magana ta inbos, hutun nan mai zuwa nake so in shigo.