Neman Shawara Kan Tafiyar Mota a Arewacin Sikotilan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Kaduna, ni da maiɗakina muke shirin zagaya tsaunukan gaɓar tekun arewacin Sikotilan da motar haya, ta hanyar North Coast 500 mai tsawon mil 516, wadda ta tashi daga Inverness ta kuma koma can. Tsibirin Skye bai dame ni ba, tunda akwai gada. Inda abin ya cije shi ne tsibirin Lewis, domin sai an ɗora mota a jirgin ruwa daga Ullapool zuwa Stornoway, kuma gurbin motoci kan cika da wuri a lokacin zafi, alhali bizarmu ba ta fito ba tukuna. Shin in biya kuɗin gurbin tun yanzu, ko kuwa mu ajiye motar a Ullapool, mu hayi wata idan mun tsallaka? Don Allah wanda ya taɓa bin hanyar ya ba ni shawara.